Neman kalma: tsimi, riba ko auki a lissafin masu sarar katako da inji?

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ina fassara wani darasi a kan yadda ake sarar itatuwan katako da manyan injuna a ƙasar Finlan, sai wata kalma ta tsaya mini a wuya. Da Turanci cost efficiency suke cewa, mutanen Finlan kuma su ce kustannustehokkuus. Kusan kowane shafi sai ta fito, kuma ba na son in dasa ta da Turancinta a tsakiyar Hausa. Ku taya ni nema. Wasunku sun riga sun kawo mini shawarar kalmomi, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma bari in fara shimfiɗa muku aikin, don mu san abin da za mu raɗa wa suna.

Wajen kashi uku cikin huɗu na ƙasar Finlan daji ne, kuma kusan duk sarar da ake yi don sayarwa inji ke yin ta. Inji biyu ne ke tafiya tare. Na farkon yana da dogon hannu, a ƙarshen hannun akwai kai mai zarto. Na kalli bidiyonsa ya fi sau goma. Kan zai rungumi gindin bishiya, zarto ya ratsa ta, ta kwanta. Sai wasu tayoyi masu haƙora su riƙa zuƙo gangar jikin ta cikin wuƙaƙe, rassa suna zuba, kwamfuta tana auna tsawo da kauri tana zaɓar inda za a datsa. Sau da yawa minti ɗaya ba ya cika sai ka ga gumagumai a jere, direba kuwa ko saukowa bai yi ba. Na biyun ya biyo baya da ƙugiyarsa, ya loda gumaguman a bayansa, ya kai bakin hanya inda tirela za ta ɗauka. Na kira su injin sara da injin dako, waɗannan ba su ba ni wahala ba.

Masu injunan nan galibi ƙananan 'yan kwangila ne, wani ma shi da iyalinsa ne da inji biyu ko uku. Manyan kamfanoni irin su Stora Enso da UPM da Metsä Group ke ba su aiki, kuma yawanci a kan kowace kubik mita (ma'aunin yawan itace) ake biyan su. Shi kuwa inji, ko ya yi aiki ko bai yi ba, darajarsa tana sauka, kuɗin ruwan banki yana hawa, inshora tana jira. In ya tashi aiki kuma ga dizal, ga sarƙar zarto, ga man haidurolik, ga albashin direba. To abin da kalmar ke aunawa shi ne: duk abin da aka kashe ɗin nan, itace nawa ya fitar?

Mu ƙaddara, don sauƙin lissafi kawai, injin sara yana cin yuro 100 a awa. Idan ya fitar da kubik mita 20 a awar, kowace ta tashi a yuro 5. Idan 10 ya fitar, ta tashi a yuro 10. Inji ɗaya, direba ɗaya, man dizal ɗaya.

Malam, kai da ka fara kawo "arha" da "rahusa", na gode, amma ina jin za su kai mai karatu wata hanya daban. Arha maganar farashin saye ce. Mutum zai iya sayen tsohon inji da arha, ya shekara rabin kwanakinsa a hannun makanike, itacen da ya fitar ya fi na kowa tsada. Tun tuni aka ce arha ba ta ado.

Yaya ta ce "tsimi", wani kuma ya ƙara da "tattali". A nan na daɗe ina tunani, domin su na fara rubutawa da kaina kafin in goge. Tsimi shi ne ka rage abin da kake kashewa, ka riƙe hannunka. Amma a wannan sana'a sau da yawa wanda ya ƙara kashewa shi ke gaba. Ɗan kwangila zai ɗauki direba na biyu don inji ya yi aiki safe da dare, albashi ya ƙaru, amma nauyin bashin injin ya rabu a kan awoyi masu yawa, kowace kubik mita ta sauko. Idan na rubuta cewa wannan mutumin ya yi tsimi, ɗalibi zai ce ina tsimin yake, ga shi ya ƙara ma'aikaci? Ko tarihin kamfanin Ponsse ya nuna haka. Einari Vidgrén, wanda ya kafa shi a garin Vieremä a 1970, ɗan kwangilar daji ne da injunan zamaninsa suka riƙa lalace masa a tsakiyar aiki, shi ya sa ya ƙera nasa injin dakon mai juriya. Damuwarsa ita ce inji ya daina tsayawa.

"Riba" kuwa ba zan daɗe a kanta ba. Riba sai an kawo farashin sayarwa. Kana iya fitar da itace a mafi ƙarancin kuɗi, kasuwa ta faɗi, ka tashi ba riba.

Baba, kai da ka ce ai Hausa ta riga ta gama magana, "kwalliya ta biya kuɗin sabulu", wallahi ka zo kusa, kuma zan yi amfani da ita a cikin bayani. Matsalata biyu ce. Jimla ce cikakkiya, ba za ta zauna a kan ginshiƙin jadawali ba. Sannan hukunci take yankewa, ko ta biya ko ba ta biya ba, alhali abin da muke nema yana da mataki-mataki. A Amurka da Kanada an fi sabawa da wata hanya: inji ɗaya ya kayar da bishiyoyi ya tara, wani ya jawo su ɗungurungum har bakin hanya, a can na uku ya sassabe rassa. Duka hanyoyin biyu suna biyan kuɗin sabulu. Tambayar darasin ita ce wacce ta fi, a wane irin daji.

Jiya da daddare ina cikin wannan sai na tuna mahaifiyata ana shirin bikin ƙanwata. An kawo mata samfurin shinkafa iri biyu, ɗaya ta fi sauƙin kuɗi a mudu. Ba ta ce komai ba, ta auna gwangwani ɗaya daga kowace, ta dafa a tukwane daban. Da suka nuna ta juye a faranti biyu iri ɗaya. Mai tsadar ta yi tozo, mai arhar ko bakin faranti ba ta kawo ba. Ta nuna mai tozon da ludayi ta ce buhun wannan za a sayo, ta fi auki.

Auki. Wannan ita ce kalmar da nake kawowa gabanku. Duk Bahaushe ya san gari mai auki, ya san sabulu mai auki, kuma ya san abin da ake nufi in an ce kuɗin yanzu ba su da auki. A cikinta akwai abin da aka zuba, akwai abin da ya fito, akwai gwada wannan da wancan. Tana karɓar "ya fi" da "bai kai ba" da "ya ragu".

Na gwada ta a wuraren da suka fi wuya a darasin. Babban abin da ke juya lissafin injin sara shi ne kaurin bishiya, domin motsin da kan injin zai yi wa siririya kusan shi zai yi wa ƙatuwa: ya miƙa, ya kama, ya yanke, ya zuƙe. Saboda haka lokacin da ake rage matasan itatuwa don sauran su samu sarari, kamar yadda manomi ke rage gero a rami, kowace kubik mita ta fi tsada a kan sarar ƙarshe ta manyan itatuwa. Da Hausa sai in ce: sarar ragi ba ta kai sarar ƙarshe auki ba. Ta zauna daram. Haka injin dako, in tazarar bakin hanya ta yi nisa, auki ya ragu. Ƙaramin fili ba shi da auki, saboda kuɗin ɗora injuna a tirela a kai su. Lokacin da ƙanƙara ta narke ƙasa ta yi laushi, injuna suna zaune bashi yana tafiya, aukin shekara ya taɓu.

Hajiya, gyaran da kika yi mini a kan cewa "aukin kuɗi" ya shiga. Gaskiya ne in na ce "aukin kuɗi" kawai, mutane za su ɗauka darajar naira ake nufi a kasuwa. "Aukin jari" da aka kawo shi ma ya bar dizal da albashi a waje, ya tsaya kan kuɗin sayen inji. Don haka a kanun darasi da jadawali zan sa "aukin kuɗin aiki", a cikin zance kuma "auki" kaɗai ta isa. Jimlar da ta tsayar da ni kwana uku yanzu ta koma haka: "Aukin kuɗin aikin ɗan kwangila ya dogara ne da kaurin itatuwa, da nisan dako, da yawan awoyin da inji ya yi yana aiki a shekara."

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, da na zangon Kumasi, ku karanta jimlar nan da ƙarfi ku gaya mini ko haka auki take a bakinku, domin ranar Asabar zan miƙa fassarar.