Wai me kuke gani ne a fina-finan horo (na ban tsoro) ɗin nan na ƙaramin jari?

Sabon_Shiga:
Salam jama'a. Tambaya gare ni kuma don Allah kar a yi min ca. Wani abokina ya dame ni kusan wata guda wai sai na kalli The Evil Dead na 1981, wai in ban gan shi ba ban san horo ba, jiya dai da daddare na kashe fitila na kunna. Gaskiya da farko tsikar jikina ta tashi, wajen da kyamara ke gudu a ƙasa-ƙasa cikin daji kamar wani abu ya biyo mutum, amma da aka fara nuno fuskokin waɗanda aljanun suka shiga sai dariya ta ƙwace min, kwalliyar kamar an kwaɓa farar ƙasa an yaɓa musu, jinin ma kana gani ka san haɗi ne. To me ya sa irin waɗannan suke da 'yan gani-kashe-ni haka? Ko ni ne ban gane ba?

Tsohon_Kaset:
Ɗan'uwa ai kai da bakinka ka ba kanka amsa. Ina tsikar jikinka ta tashi? Wajen da ba a nuna maka komai ba. Wannan gudun kyamarar da ya kaɗa maka hanta, a jikin katako daraktan fim ɗin, Sam Raimi, ya ɗaure ta aka riƙa gudu da ita cikin daji a Tennessee, don ba su da kuɗin hayar kayan aiki. Rashin kuɗi ne ke tilasta wa darakta ya ɓoye dodonsa, kai kuma zuciyarka ta ƙarasa zana shi, kuma wanda zuciya ta zana ya fi na kwamfuta muni nesa ba kusa ba.

Dubi Halloween na 1978, wajen dala 300,000 aka kashe, fuskar da makashin ke sawa ta roba ce ta kasuwa mai kamannin ɗan wasan fim William Shatner, aka fesa mata farin fenti aka ɗan buɗa idanun shikenan, kiɗan ma daraktan, John Carpenter, da kansa ya haɗa. The Texas Chain Saw Massacre na 1974 kuwa mutane za su rantse maka sun ga an yi ta datsa mutum da zarto, koma ka kalla a nutse, jinin da aka nuna bai taka kara ya karya ba, ƙarar injin ce da ihu suka yi aikin. The Blair Witch Project na 1999 har aka gama ba wanda ya ga mayyar, wajen dala 60,000 suka yi ɗaukar da shi, ya kawo kusan miliyan 250.

Uwar_Biyu:
Malam Tsohon Kaset ka dai zaɓo masu kyan ne ka jero mana. Sauran tulin da aka yi da ƙaramin jari suka mutu murus fa? Ni abin da ke ƙona min rai sauti ne, ana magana sai ka ƙure murya, can kiɗa ya fashe maka kunne. Ga duhu, wani ba dabara ba ce wallahi fitila ce babu. Ga jarumai marasa kan gado, an ji gurnani a ɗakin ƙasa maimakon a ranta a na kare sai wata ta sauka ita kaɗai tana tambayar wane ne. Kuma kullum mace ce za a yaga wa riga tana ihu minti goma, wannan ba talauci ya jawo shi ba, lalacin marubuci ne. Blair Witch ɗin da kake yabo ma jiri ya sa ni, kyamara sai rawa take, ban kai ƙarshe ba.

Sarkin_Raha:
Hhhh Hajiya ai wasu saboda lalacewar tasu ake son su. Troll 2 na 1990 babu troll (wani irin dodo) ko ɗaya a ciki. Plan 9 from Outer Space kuma ɗaya daga cikin 'yan wasan, Bela Lugosi, ya mutu a 1956 fim bai haɗu ba, sai daraktan, Ed Wood, ya ɗauko mai yi wa matarsa gyaran ƙashi, wanda ya ma fi mamacin tsawo, ya ce ya riƙa rufe fuska da mayafi wai ba za a gane ba. Irin wannan ba a kallonsa mutum ɗaya, ku taru ku biyar kuna yi kuna tsayarwa kuna maido da baya. Kai kaɗai barci zai ɗauke ka.

Tsohon_Kaset:
Maganar matan nan gaskiyarki ce Hajiya, ba ni da ta cewa. Amma Sarkin Raha kar ka haɗa min su a kwando ɗaya, akwai wanda ake yi wa dariya akwai wanda ke hana barci. Sabon Shiga nemi Night of the Living Dead na George Romero, 1968, baƙi da fari ne, wajen dala 114,000, jinin cikinsa ruwan cakulan ne amma tunda ba kala ba za ka taɓa ganewa ba. Mutane ne maƙale a gida ɗaya gawarwaki sun zagaye su, kuma rigimar da ke tsakaninsu ta fi ta wajen tayar da hankali. Jarumin, Duane Jones, baƙar fata ne, abin da ba a saba gani ba a fim ɗin Amurka a lokacin. Ba zan faɗa maka ƙarshensa ba. Samunsa ba wuya, masu rarrabawa sun canza masa suna suka manta ba su sa alamar haƙƙin mallaka ba, shi ya sa yake ko'ina a intanet kyauta.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai. Na samo shi yanzun nan amma iri biyu na gani, har da wanda aka sa wa kala. Wanne zan sauke?

Tsohon_Kaset:
Baƙi da farin. Mai kalar nan daga baya aka shafa masa, kar ka ko buɗe shi.