Don Allah a ba ni shawara kan abincin akun Yayana

Baban Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana da ke aiki a Legas ne ya sauya gida, mai gidan ya ce ba a ajiye masa dabba, shi ne ya ɗauko akunsa ya kawo min ƙauyenmu gefen Ringim. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, har kuɗin aurena shi ya biya, ba zan iya ce masa a'a ba. Akun ba irin mai ruwan toka da muka sani ba ce. Ja ce jawur, ƙirjinta shuɗi, bakinta baƙi. Ya ce ekilektus ake kiransu, asalinsu tsibirin Niyu Gini. Wata 2 ke nan ina ba ta gyaɗa da gero. Yanzu gashinta ya dushe, tana fisgar na ƙirjinta, da dare kuma yatsunta su riƙa buɗewa suna rufewa da kansu. Amana ce, ko barci ba na yi, kuma ban gaya masa ba.

Alhaji Mai Tattabaru: Kwantar da hankalinka yaro, aku duk aku ne. Shekara 20 ina kiwonsu. Gyaɗa, rake, barkono, shi ke nan. Nawa har goro nake gutsura masa. Sauyin wuri ne kawai.

Maman Ilham: Alhaji a gafarce ni, wannan jinsin daban yake. A dajinsu 'ya'yan itace da furanni suka fi ci, abinci mai maiƙo yana lalata musu hanta. Malam, ka nemo gwanda, gwaiba, mangwaro, karas, kabewa, dafaffen dankalin Hausa da ganyen zogale, ka yayyanka ƙanana safe da yamma. Barkono ba laifi, tsuntsu ba ya jin yajinsa. Amma goro da shayi da albasa kada ta kusance su, fiya kuwa kisa take yi. Gyaɗar ajiya ma in ta yi fumfuna guba ce.

Baban Sadik: Hajiya gyaɗar gonata ce, da hannuna na shanya ta, ba ta da komai. Kuma ita take so, na ba ta kankana ta watsar.

Abu Hanif: Ni dai kada ka sayi magani a bakin kasuwa. Bara wani ya sayar min da na ƙarin kuzari, kajina 14 suka mutu kwana uku, har yau bai ko ce min sannu ba.

Maman Ilham: Rana ɗaya ba ta isa ba. Ka riƙa ba ta 'ya'yan itacen da sassafe tana jin yunwa, kana rage gyaɗar a hankali. Maganar yatsun nan kuma likitan dabbobi ya kamata ya gani. Ka tambayi Yayanka me yake ba ta a can.

Alhaji Mai Tattabaru: Gwanda a ƙauye da rani? Sai dai ya je 'Yan Lemo a Kano duk mako. Ku daina wahalar da bawan Allah. Ka ƙara mata gyaɗa ta yi ƙiba, gashi zai fito.

Baban Sadik: Zogale da kabewa akwai a gida, zan gwada. Amma Yaya ba zan kira shi ba sai ta warware, bai san halin da ake ciki ba. Gyaɗar kuma in na hana ta, me za ta ci? Akwai wanda ya san likitan da ke duba aku a Dutse?