Wa ke da ikon ce wa mamaci waliyyi?

Anti Rifkatu: Salama gare ku 'yan'uwa. Raina a ɓace yake tun jiya. Tun tsakiyar Oktoba na rubuta sunan Mama na sa a ambulan ɗin da ake ba da sunayen matattu don a yi musu addu'a, na miƙa a ofishin coci hannu da hannu. Jiya 2 ga Nuwamba aka yi Misa a maƙabarta, aka yi ta karanto sunaye har rana ta take, ban ji nata ba. Matar da ta ƙarar da ƙarfinta a Zumuntar Mata Katolika, ita ce sharar coci, ita ce kai wa marasa lafiya kunu a asibiti. Mama waliyya ce, ko an kira sunanta ko ba a kira ba. Godiya kawai na so in yi wa Allah a gaban jama'a saboda rayuwarta.

Malam Bitrus: Anti, Allah ya ƙara haƙuri, ya ba Mama hutu na har abada. Amma ki janye "waliyya" ɗin nan. Ba ni ko ke ke naɗa waliyyi ba. Bishop ne ke buɗe bincike, a ƙa'ida sai an shekara 5 da rasuwa, takardu su tafi Roma, a tabbatar da mu'ujiza, sannan Paparoma ya furta da bakinsa. Kuma in waliyya ce, me sunanta yake nema a jerin 2 ga wata? Ranar waliyyai 1 ga wata ce. Su ba a yi musu addu'a, su ake roƙo su yi mana.

Danladi: Malam, Manzo Bulus ya ce wa Kiristocin Roma tsarkaka suna raye suna cin kasuwa, duba Romawa 1:7. Karatun da aka yi mana shekaranjiya fa? Ru'ya ta Yohanna sura 7, taro mai yawa wanda ba mai iya ƙirgawa. Jerin Roma ana iya ƙirga shi. Ai don irin su Mama, waɗanda ba wanda ya kai takardarsu ko'ina, aka ware ranar.

Malam Bitrus: Ka shiga taron ka gan ta? Ikilisiya ta raba ranakun da gangan. Odilo shugaban gidan sufaye na Kuluni a Faransa ne ya sa 2 ga Nuwamba, kimanin shekara dubu da ta wuce, domin rayukan da ke Purgatori suna jiran tsarkakewa. Wanda ya yi wa uwarsa shaidar ta riga ta shiga sama, ya hana ta addu'a ke nan. Monika uwar Waliyyi Agustin, da za ta rasu a Ostiya a 387, ba yabo ta nema wurin 'ya'yanta ba, roƙonsu ta yi su riƙa tunawa da ita a bagadin Ubangiji.

Anti Rifkatu: Bitrus, yanzu uwata ce kake cewa tana wuta?

Malam Bitrus: Haba Anti! Purgatori ba jahannama ba ce. Duk wanda ke can ya riga ya tsira.

Kawu Yohanna: Ni baƙo ne a nan, matata ce ta sa ni a zauren, ɗan ECWA ne ni. Amma a nuna mini aya ɗaya da ta ce a yi wa mamaci addu'a. Ɓarawon da ke kan gicciye, "yau za ka kasance tare da ni a Firdausi" Yesu ya ce masa.

Maman Talatu: Kawu, 2 Makabi sura 12. Yahuda ya tara azurfa dirhami 2,000 ya aika Urushalima a yi hadaya domin sojojinsa da suka mutu. In ba ka gani a naka littafin ba, ku kuka cire.

Kawu Yohanna: Ku dai kuka ƙara. Kuma kin ga har a can da kuɗi aka fara. Wannan ambulan ɗin ne ya sa Martin Luta, jagoran Furotesta, ya tayar da ƙura a 1517, ana gobe ranar waliyyan naku.

Maman Talatu: In matarka ta riga ka, Allah ya kiyaye, mu za mu yi mata, ba sai ka sa hannu a aljihu ba.

Danladi: Maganar kuɗi kam Kawu bai yi ƙarya duka ba. Anti, nawa kika sa a ciki? Na lura masu ambulan mai nauyi sunayensu ba sa ɓata.

Baba Katikis: Danladi, ka iya bakinka. Ba a sayar da Misa. Dokar Ikilisiya ta 947 ta hana ko da abin da ya yi kama da ciniki a kan baikon Misa, ta 945 kuma ta gargaɗi Fada ya yi wa talaka ko bai ba da sisi ba. Kai da ba ka zuwa sai Kirsimeti, ina ka ga nauyin ambulan?

Danladi: Baba, da ina zuwa kullum da na ga fiye da haka.

Istifanus: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Yuganda na da shahidai 22 da aka naɗa tun 1964. Sudan na da Bakhita tun 2000. Najeriya da yawan Katolikanta ba ko ɗaya. Fada Tansi tun 1998 da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo ya ce masa Mai Albarka, matakin da ke gab da waliyyi, har yau yana nan. Mika'el Nnadi fa, yaro ɗan shekara 18 da aka sace a makarantar horar da Fada ta Kaduna a Janairun 2020 aka kashe shi? In wannan ba waliyyi ba ne, a faɗa mini wane ne.

Malam Bitrus: Istifanus, ko shi sai an bi ƙa'ida. Zafin rai ba hujja ba ne.

Istifanus: Da a Italiya aka kashe shi da tuni an buga hotonsa a kalanda.

Maman Talatu: Kai da ka bar ƙungiyar mawaƙa don ba a ba ka shugabanci ba, yau kai ne mai kishin Ikilisiya?

Istifanus: Mama, kuɗin yadin da aka tara bara, a fara yin bayaninsa tukuna.

Maman Talatu: Ka zo gida ka tambaye ni in kai namiji ne.

Shugaban zaure: Ya isa haka, na rufe. Abin da aka tsayar: Malam Bitrus da Baba Katikis sun kawo hujja da shekaru da lambar doka, ba wanda ya iya ture su. Ba a ce wa kowa waliyyi sai Roma ta ce. Danladi ya kawo ayoyi amma ya ɓata rawarsa da tsalle, sai ya nemi gafarar Baba kafin Lahadi. Anti Rifkatu ta yi magana cikin ɓacin rai, mun yafe mata. Ofishin coci ba shi da laifi, ni shaida ne, ƙanena ne ke rubuta jerin kuma ba ya mantuwa. Kawu Yohanna mun gode da ziyara, na cire ka. Ana ci gaba da karɓar ambulan har ƙarshen Nuwamba.