Canjin Danfo da Rigimar Jaka

Mai Shayi Agege: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau raina ya ɓaci. Daga Oshodi na miƙa wa kwandastan danfo jaka biyar, canjina ɗari, sai ya haɗa ni da wata mata a ɗari biyu guda, wai mu je mu raba. A bakin gada muka yi ta yawon neman canji, mai ruwan leda ma ta hana. Ni dai na ce tun da aka bar silalla suka mutu tsada ta samu gindin zama. A 2007 Babban Banki ya fito da kwabo 50, naira 1 da naira 2, kowa ya ƙi karɓa. Yanzu abu in zai tashi, daga hamsin sai ɗari.

Ɗan Maraɗi Alaba Rago: Jaka biyar kuma? Dubu biyar ka ba kwandasta?

Mai Shayi Agege: Dubu ɗaya mana.

Ɗan Maraɗi Alaba Rago: Haba Malam, jikka dubu ce. Dala sefa biyar, dala ɗari biyu jikka guda. Ko yaro a Maraɗi ya san haka.

Baba Mai Goro: Yaro, nan Ikko kake. Jaka fam ɗari ce. Da aka kawo naira ran 1 ga Janairu 1973, fam guda ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Fam ɗari sau biyu nawa ke nan? Mu da muka riƙe taro da sisi da anini mai huda, har muna zura shi a zare, ba za a koya mana lissafi ba.

Ɗan Maraɗi Alaba Rago: Allah ya ba ka haƙuri Baba, amma a Alaba in na ce jikka ba wanda ke tambayata.

Malamin Islamiyya Idi-Araba: Ku duka kun baro asali. Jaka ta kuɗin wuri ce, wuri dubu ashirin a ciki, tun kafin Bature ya zo da fam ko sefa.

Baba Mai Goro: Malam, wa ya ƙirga maka?

Na Sardauna: Baba ya yi gaskiya, jaka ɗari biyu ce, ita ce mai hoton Gamji, ta fito a 2000. Abin da ke ci min rai, an ɗora Zik a ɗari biyar, Sardauna a ƙasa da shi.

Hajiya Mai Atamfa: To Awolowo da ya raɗa wa naira suna, ai a ɗari aka sa shi, Yarbawa ba su yi kuka ba. Kuma su wa ke kan dubu? Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong. Ku maza kuna da bakin magana? Ladi Kwali tana bayan ashirin. Ta dubu biyar da za a sa Gambo Sawaba a 2012, ihu aka yi ta yi har aka fasa.

Na Sardauna: Hajiya, ashirin ta Murtala ce. Shi ne ɗan ƙasa na farko a kan kuɗi, 1977, shekara guda bayan an kashe shi a nan Legas. Ita ma sun cire mata ajami a 2007, ta ɗari kuma a 2014.

Hajiya Mai Atamfa: An sa Hausar boko a madadinsa ai.

Malamin Islamiyya Idi-Araba: Kakata ajami take karantawa, ba boko ba. Ita fa?

Mai Shayi Agege: Jama'a, maganar silalla fa na kawo.

Ɗan Maraɗi Alaba Rago: A wajenmu har gobe ana kashe silalla, ku tambayi kanku.

Na Sardauna: To ka koma can mana.

Shugaban zaure: Ya isa. Na Sardauna, ka goge wannan, ɗan'uwanmu ne. Abin da na fahimta: jaka ɗari biyu ce kamar yadda Baba ya faɗa, dattijo ba ya magana a banza, kuma a Kano ma haka muka tashi muka ji. Jikkar Nijar lissafin sefa ce, ba ta shafe mu ba. Cire ajami kuskure ne, duk mun yarda. Batun mata a kan kuɗi ba yau ba. Na rufe sharhi sai bayan Isha'i.