Bayan kun yi jinya a asibiti, wa ya canza a idonku cikin likitocin Grey's Anatomy?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ina makaranta nake bin shirin nan na talabijin na Amurka a kan likitocin wani asibiti, kuma a da babu wadda ke ba ni haushi irin Meredith, kullum fuska a murtuke. Sai Allah ya jarrabi Hajiyarmu da ciwon mantuwa, na shekara biyu ina jinyarta. Ranar da ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ke 'yar gidan wa ce?" Meredith ce ta faɗo mini a rai. Uwarta Ellis shahararriyar likitar tiyata ce, amma ciwon ya kai ta gidan kula da tsofaffi, 'yar tana zuwa duba ta a ɓoye, ta dawo aiki ba ta gaya wa kowa ba. Ashe murtukewar nan gajiya ce. Wa ya taɓa samun irin wannan?

Nas ta Dare:
Allah ya jiƙan Hajiya, Anti. Ni Bailey ce. Da na ɗauka tsabar mugunta ce ta sa take tsare ƙananan likitoci, har ta hana a tashe ta daga barci sai idan majinyaci na bakin mutuwa. Da na fara aikin dare, mu biyu a kan ɗaki cike da gadaje, sai na gane wanda bai runtsa ba shi ke kuskuren allura. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda shirin ya danne mu. Likita ne zai tura gado, shi zai ɗebi jini, shi zai kwana gefen mara lafiya! A ina? Bokhee kaɗai ke sanyaya mini zuciya, dattijuwar da ke miƙa kayan aiki a ɗakin tiyata. A gaske ma aikinta ke nan, shi ya sa hannunta ba ya rawa.

Ɗalibin Likitanci:
Gaskiya kika faɗa, Sista. Ni kuwa Izzie ce ta faɗi a idona. Ina yaro na yi mata kuka lokacin da ta yanke wayar na'urar da ke taimaka wa zuciyar Denny, majinyacin da take so, don jikinsa ya tsananta a ba shi sabuwar zuciya. Yanzu da nake zagayen ɗakuna, tunanina na wajen ɗaya majinyacin, wanda ya riga Denny shiga layin jiran zuciya da daƙiƙa 17 kacal. Shi ma yana da masu jiransa a gida. Cin amana ne, ko da so ne ya sa ta.

Baban Yara:
Ku yi haƙuri zan ɗan ja. Mutuwar Derek, mijin Meredith, a zango na 11, shekarar 2015, kowa ya ɗora ta a kan Penny, wata ƙaramar likita cikin waɗanda suka duba shi, har da ni. Mutum ya gama ceton waɗanda suka yi hatsari, babbar mota ta buge shi, aka kai shi asibitin da ba su san ko wane ne ba. Shi likitan ƙwaƙwalwa ne, yana kwance ya san abin da ya kamata a yi, bakinsa ya kasa furtawa.

Bara ƙanena ya faɗi a babur, muka kai shi wani asibiti. Wata ƙaramar likita ta ce a ɗauki hoton kansa tun da wuri, na gaba da ita ya ce a fara da karayar ƙafa. Ina tsaye na ga ta buɗe baki ta sake rufewa. Da asuba ya fara amai, kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Ajali ne, na yarda. Amma da na sake kallon wurin mutuwar Derek a shirin, na ga Penny ce ta nemi a yi hoton kai, aka take maganarta. Ita ce kuma ta tsaya gaban matarsa tana ba ta haƙuri.

Likitar nan ta biyo mu har bakin mota lokacin da za mu tafi da gawa, idonta jawur. Ban iya ce mata komai ba, kuma har yau abin yana damuna.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta masa, Yaya, ya raya abin da ya bari. In da hali ka koma ka neme ta, ko gaisuwa ce ku yi.