Kuɗin marasa lafiya ne za a ɗiba a ba kwansaltan?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Wlh yau raina a ɓace yake. Gundumarmu a nan Amurka ta fitar da sanarwa wai tana neman kamfanin kwansaltan da zai zo ya duba ayyukan lafiyar ƙwaƙwalwa da na masu shaye-shaye da ake yi da kuɗin harajinmu, ya gaya musu ko aikin na ci ko ba ya ci. Harajin nan fa ko takalmin yara ka saya sai an cira, kuma da bakinsu suka ce na marasa lafiya ne, yanzu kuma a ɗiba a ba wani mai kwat da jakar kwamfuta ya zo ya kwana otal sati biyu ya rubuta takarda shafi ɗari wadda ba mai karantawa. Ni dai na ce ɓarnar kuɗi ce kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ma'aikatan da ke wurin kullum ba su san abin da ke tafiya ba sai baƙo?

Ɗan Maraɗi: Wa alaikumus salam. Gaskiya tata Baban Ummi. Ni da nika tuƙin tasi da dare ni ka ganin mutanen ga bakin titi cikin sanyi suna magana su kaɗai, ba sai an biya kowa ba in gaya musu aiki bai kai ba. Su ba ni rabin kuɗɗin in rubuta musu 😂

Hajiya Maman Khalifa: Ɗan Maraɗi kai dai ba ka rabo da wasa. Amma Baban Ummi ka yi haƙuri ban bi ka ba a nan. Mai ɗaki ya san yoyo, gaskiya ne, to amma in albashin mai ɗakin ya dogara ne da ya ce ɗakin ba ya yoyo fa? Mu nan Kalifoniya mun ga wannan fim ɗin. A 2004 aka jefa ƙuri'a aka amince da doka mai lamba 63, duk wanda kuɗin shigarsa ya haura dala miliyan ɗaya a shekara a ciri kashi 1 cikin 100 na abin da ya hau, a raba wa gundumomi su yi aikin lafiyar ƙwaƙwalwa. Kuɗi suka yi ta shigowa biliyoyi. Shekara goma cur aka yi, a 2015 wata hukumar sa ido ta jihar, Little Hoover, ta fito ta ce jiha ta kasa nuna wa jama'a a fili me kuɗin suka haifar. A 2018 kuma oditan jiha ya gano gundumomi na zaune a kan wajen dala biliyan 2.5 da ba su kashe ba, a ciki akwai miliyan 231 da lokacinsu ya wuce ya kamata a ce an mayar. Duk shekarun nan ma'aikata na wurin fa, kowa na zuwa ofis yana komawa gida.

Baban Ummi: To Hajiya ai kin kawo min hujja ne da kanki. Wa ya gano? Odita. Ma'aikacin gwamnati ne, da ma ana biyansa. Ba kwansaltan ba.

Malam na Sinsinati: Bari in sa baki kaɗan. Aikin odita daban, aikin mai auna sakamako daban. Odita galibi kuɗi yake bi, ya ga an kashe inda aka ce, rasit ya cika, an bi doka. Amma za ka iya kashe kowane senti daidai da rasit ɗinsa kuma ba wanda ya samu sauƙi. Tambayar ko mutanen da aka yi wa aiki sun rage komawa imajansi, sun rage shiga gidan yari, sun samu wurin kwana, wannan sai wanda ya iya lissafin. Nan gundumar Hamilton a Ohayo harajin gida ne ke ɗaukar nauyin irin wannan aiki, kuma wa'adi gare shi, in ya ƙare sai an koma wa masu ƙuri'a. Kafin a koma akwai kwamitin 'yan gari da ke duba harajin, ana ɗauko musu kwansaltan ya yi bita su kuma su ba kwamishinoni shawara a ƙara ko a bar shi yadda yake. Ni a matsayina na mai biyan harajin gida gara min haka da a ce min kawai ka yarda da mu.

Ɗan Maraɗi: Malam wa ka biyan kwansaltan ɗin?

Malam na Sinsinati: Gunduma mana.

Ɗan Maraɗi: To shi ke nan. Kowa ya ci ladan kuturu dole shi yi mai aski. Mutumin da ka son a sake kiranai baɗi zai rubuta an yi ɓarna?

Baban Ummi: Allah ya biya ka Ɗan Maraɗi 👏

Anti Ladi: Na daɗe ina karantawa na yi shiru don ni abin a kaina yake ƙarewa. Shekarata shida ina aiki a wata ƙaramar ƙungiya da ke karɓar irin wannan kuɗi, muna bin mutanen da suka fito daga asibitin ƙwaƙwalwa mu tabbatar sun sha magani, sun je ganin likita, ba a kore su daga haya ba. An taɓa turo mana kwansaltan. Wasu yara biyu ne masu kirki wlh ba zan yi musu ƙarya ba, amma suka zo da fom mai tambaya kusan hamsin a cike wa kowane mutum, alhali akwai wanda muke cike wa jiha, akwai na Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, akwai na ita gundumar, duk tambayoyin kusan ɗaya ne an juya su. Wata uku ina tashi aiki ƙarfe biyar in zauna gaban kwamfuta har bayan isha'i ina shigar da bayanai, shayi ya huce a gabana, mai gida ya gaji da tambaya ya daina. A watannin nan akwai wani dattijo da nake leƙawa duk sati sai na koma sati biyu-biyu. Da rahoto ya fito abin da ke shafin farko shi ne ma'aikata sun yi kaɗan kuma suna yawan barin aiki saboda albashi. Mu da muke faɗar haka a kowane taro tun kafin a haifi kwangilar.

Baban Ummi: Kun ji ko? Daga bakin mai ɗaki.

Anti Ladi: Tsaya Yaya ban gama ba. Abin haushin shi ne da muka faɗa ba a ji ba, da suka rubuta aka ji. Shekarar da ta biyo aka ƙara mana mutum biyu. To ka ga ni ban san inda zan tsaya ba, haushi nake ji kuma na amfana.

Hajiya Maman Khalifa: Allah sarki Ladi, sannu da ƙoƙari. Haka duniya take, bokan gida ba ya ci.

Injiniya Siyatil: Ni lissafi ne aikina bari in faɗi inda ake yaudarar mutane, kuma kwansaltan da ma'aikatan gida duk suna faɗawa ramin. Mutum ba ya shiga irin shirin nan sai abu ya kai masa maƙura, an kama shi sau uku, an kwantar da shi sau biyu. In ka ɗauki wannan shekarar da ta fi kowace muni a rayuwarsa ka gwada da ta bayanta, kusan dole ka ga sauƙi ko da ruwan sanyi kawai ka ba shi, don ba kullum ake kwana a gado ɗaya ba. Sai a buga a rahoto wai shiga gidan yari ya ragu da kaza. Wanda ya san aiki sai ya nemo wasu mutane masu irin halin da ba su shiga shirin ba ya gwada su biyun. Misali Denba a Kolorado, 2018 suka amince da harajin saye na senti 25 a kan kowace dala 100 don lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, a 2020 aka fara shirin STAR, wato in an kira lambar gaggawa kan wanda hankalinsa ya gushe ba makami ba faɗa, sai a tura ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa da na jinya a mota maimakon ɗan sanda. Masu bincike biyu na jami'ar Stanford suka gwada unguwannin da shirin ke aiki da waɗanda bai kai ba, a 2022 suka fitar cewa rahoton ƙananan laifuka ya ragu da kashi 34 cikin 100 a inda ake yi. Irin wannan shi ne awo. Ba ƙirga mutum nawa suka shigo ƙofa ba.

Ɗan Maraɗi: To waɗannan malamman jami'a na, ba 'yan kwangila ba.

Injiniya Siyatil: Gaskiyarka, kuma ni ma da za a bi tawa jami'a zan ba. Amma ba kowace gunduma ce jami'a za ta kula ta ba. Mu nan jihar Washinton tun 2005 doka ta ba gundumomi damar sa harajin saye na senti 10 a kan dala 100 don wannan aiki, gundumar King ta fara karɓa a 2008, kuma duk shekara suna fitar da rahoto har da alƙaluman gidan yari da imajansi, don babbar gunduma ce tana da ma'aikatan da za su riƙe wannan. A Afrilun 2023 ma aka ƙara jefa ƙuri'a kan harajin gida na dala biliyan 1.25 cikin shekara tara don gina cibiyoyin gaggawa biyar. To ƙaramar gunduma ta ƙauye da duk ofishin mutum huɗu ne fa? Ba za ta iya ɗaukar masanin lissafi aiki na dindindin ba, hayar wata shida ta fi mata araha. Kuma haɗa bayanan asibiti da na gidan yari ba wasa ba ne, dokar sirrin marasa lafiya ta Amurka na da tsauri, ta masu jinyar shaye-shaye ma ta fi, sai wanda ya saba.

Baban Ummi: Injiniya duk na ji, amma ka amsa maganar ladan kuturu.

Malam na Sinsinati: Wannan a takardar kwangila ake maganinta. Wa zai zaɓi kamfanin, ofishin da za a bincika ne ko wani kwamiti daban? Rahoton za a sa shi a intanet gaba ɗaya ko sai an tace? Kamfanin yana da wata kwangilar da ƙungiyoyin da zai auna? Baban Ummi ka buɗe sanarwar ka duba waɗannan uku, in ofishin ne zai zaɓa kuma shi zai ga rahoto ya gyara kafin kowa, to ina bayanka ɗari bisa ɗari.

Maman Zongo: Ku yi haƙuri na shigo a makare, yanzu na taso aiki. Ni tafinta ce a asibiti nan Bironks a birnin New York, Hausa da Tuwi, yaren Gana. Duk maganarku ta wanda aka ƙirga ce, ni damuwata wanda bai taɓa shiga lissafi ba. Kwanaki wata baiwar Allah ta kawo ɗanta saurayi, wata takwas yana kulle kansa a ɗaki ba ya barci, an yi ruƙiyya an aiko da rubutu da hayaƙi daga gida, ba ta gaya wa kowa a masallaci ba don kar a ce ɗanta ya haukace ƙannensa mata su rasa miji. Sai da ya fasa taga aka kira motar asibiti. Da za su fita aka miƙa mata takardar jin ra'ayi da Turanci da Sifaniyanci, ta ninke ta huɗu ta sa a jaka ta ce min in ta je gida za ta ba ƙaramar ta karanta mata. Na san ba za ta dawo da ita ba. Ko lambar 988 ta kiran gaggawa kan matsalar ƙwaƙwalwa da aka buɗe tun 2022 ba ta taɓa jin labarinta ba. To duk wanda zai auna, na gida ne ko na haya, in daga kwamfuta zai kwashi sunaye, irin matar nan da wata takwas ɗinta babu su a ciki, kuma mu duka a takarda baƙaƙe ne kawai, ba a raba Bahaushe da wanda kakanninsa aka haifa a nan.

Hajiya Maman Khalifa: Wlh kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mu da an ce ƙwaƙwalwa sai mu tuna asibitin Dawanau mu yi shiru.

Ɗan Maraɗi: Wannan kam gaskiya ta. Ko ni ɗiyan ƙanena in abin ya same su ba ni faɗi.

Baban Ummi: Maman Zongo ai maganarki ta ƙara min ƙarfi ne. Kuɗin kwansaltan ɗin a ɗauki tafinta biyu da su.

Maman Zongo: A'a Baban Ummi kar ka ja ni ɓangarenka 😄 wa zai gaya musu ana bukatar tafintan in ba a rubuta ba? Ba ka ji abin da Ladi ta ce ba? Ni so nake a sa a kwangilar dole su je masallatai da coci-coci da shagunan 'yan Afirka da mai fassara su zauna da mutane.

Injiniya Siyatil: Kuma hakan zai ƙara tsadar kwangilar, ka shirya 😂

Baban Ummi: Innalillahi. Na zo neman a rage kun ƙara.

Malam na Sinsinati: Ka duba sanarwar tukuna?

Baban Ummi: Na buɗe, shafi 40 ne da wani abu, Turancin lauyoyi. Abin da na gane dai akwai zaman kwamishinoni ranar Talata da yamma kuma ana ba kowa minti uku ya yi magana. Ni har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba fa, amma zan je in tambaye su wa zai zaɓi kamfanin. Injiniya zan turo maka ita ta gefe ka duba min shafin da aka yi maganar rahoto.

Anti Ladi: Yaya in ka je don Allah ka tambaya min ko fom ɗin nasu zai maye gurbin wani ne ko ƙari ne a kan ukun da muke cikewa.

Ɗan Maraɗi: Minti ukku ka isa Baban Ummi? Sallama kaɗai ta cinye biyu.