Koh-i-Noor: sata ce ko ganima?

Malam Bappa, Jekadafari: Jama'a, raina ya ɓaci da na sake bin tarihin lu'ulu'un Koh-i-Noor. A 1849 Turawan Ingila suka sa Sarki Duleep Singh na Punjab, a yankin Indiya, yaro ɗan shekara goma, ya sa hannu a yarjejeniyar Lahore ya sallama shi ga Sarauniya Biktoriya, a 1852 kuma suka feƙe shi daga karat (ma'aunin nauyin lu'ulu'u) 186 ya koma kimanin 105 don kawai ya ƙara ƙyalli. Har yau yana Landan a jikin kambin sarauta. Wannan sata ce, kuma wajibi ne a mayar wa masu shi.

Alhaji Adamu, Bolari: Allah ya gafarta Malam, kalmar sata ta yi nauyi. Ganimar yaƙi ce, domin haka dutsen ya saba sauya hannu: Nadir Shah na Farisa (Iran ta yau) da bakin takobi ya ɗauke shi daga Delhi a 1739, Ranjit Singh, mahaifin Duleep Singh, ma da matsi ya karɓe shi daga Shah Shuja na Afganistan a 1813.

Hajiya Ladi, Tudun Wada: Alhaji, ganima a fagen daga ake samun ta. Abin da aka karɓa daga hannun yaron da mahaifinsa ya rasu, aka kuma raba shi da mahaifiyarsa, cin dukiyar maraya ne, kuma kowa ya san hukuncinsa.

Alhaji Adamu: To Hajiya, me za ki ce game da lu'ulu'un Cullinan, mai karat 3,106, da aka tono a Afirka ta Kudu a 1905? Gwamnatin Transvaal, yankin da aka tono shi, ce ta saye shi ta bai wa Sarki Edward na Bakwai na Ingila a 1907. Shi ma sata za a kira shi?

Umaru, Pantami: Baba Alhaji, baƙaƙen fatar da suka yi aikin ramin an nemi shawararsu? Ina mamakin a ce ɗan jihar Gombe da garin Bormi yake cikinta, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, yana yi musu lauya, sai dai in don 'ya'yanka suna karatu a can ne.

Alhaji Adamu: Umaru, ka cire iyalina daga wannan magana, ni sa'an mahaifinka ne.

Malam Bappa: Ni dai batun mayarwa na kawo, har yanzu babu wanda ya taɓa shi.

Malam Isa, mai kula da zaure: Na bi muhawarar tun farkonta, kuma a fahimtata Alhaji Adamu ne ya fi zuwa da shekaru da sunaye, sauran kuwa zafin rai ya fi yawa a maganarsu. Indiya da Pakistan da Afganistan da Iran kowa na cewa Koh-i-Noor nasa ne, don haka ganima ce da babu mai ita guda ɗaya. Umaru zai ba Alhaji haƙuri kafin a sake ba shi damar rubutu.